Yadda Ake Haɗa Waƙar Bishara a Kai Ta Ƙaramar Majami'a

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, inda Kiristoci ba su da yawa, mawaƙin bishara ba ya cin abinci da muryarsa. Da safe malamin firamare ne, ko tela, ko ma'aikacin asibiti, da damina kuma manomi ne kamar kowa, yana fama da gero da dawa da riɗi. Wuraren da ake kiransa ma sanannu ne: majami'a mai rufin kwano da 'yan bencina, bikin aure a tsakar gida, taron Zumuntar Mata, bikin godiya bayan kaka, da daren Kirsimeti. Masu sauraronsa a wannan gefe na Jigawa, daga Kiyako har iyakar Bauchi, akwai Hausawa, akwai Warjawa, akwai baƙin ma'aikata daga kudancin Kaduna da Filato, kuma Hausa ce ta haɗa su duka. Mutane da dama suna yi wa irin wannan mawaƙi kallon wanda bai samu hanyar zuwa situdiyon Jos ba tukuna. A ganina aikinsa daban yake, kuma ma'auninsa ɗaya ne: shin jama'a za su iya rera waƙar ranar da ba ya nan? Duk matakan da ake bi, daga zaɓen jigo har zuwa ɗaukar murya a waya, wannan tambaya ce take ja musu gora.

Ana farawa da jigo, kuma jigo ɗaya tak. Wanda ya san aikin yakan tambayi fasto ayar da za a yi wa'azi a kanta, ko ya dubi abin da ke damun ikilisiya a lokacin, rashin ruwan sama ne, ko rasuwa, ko matasa da suka tafi ci-rani suka bar iyaye. Daga nan sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki, amma wanda ake karantawa a wannan majami'ar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Cikakkiyar fassarar Hausa ta farko ta fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi shekaru a kansa tare da abokan aikinsa, kuma bayan kusan shekara hamsin wata fassarar ta biyo baya. Tsofaffi da yawa da kalmomin ɗaya suka haddace ayoyinsu, matasa kuwa da na ɗayar. Mawaƙin da ya ɗauko kalmomin da kunnen jama'arsa ya riga ya saba da su ya rage musu rabin wahalar koyo tun kafin ya buɗe baki.

Bayan jigo sai amshi, kafin a rubuta baiti ko ɗaya. Sabon shiga yakan yi akasin haka, ya cika takarda da baitoci, sannan ya laƙaba musu amshi daga baya, shi ya sa waƙarsa take mutuwa da zarar ya zauna. A waƙar Hausa amshi shi ne rabon jama'a. Wanda ya saurari Mamman Shata, da ya rasu a 1999, ya san yadda gajeren amshi yake riƙe doguwar waƙa: jagora ya yi nisa yadda ya ga dama, 'yan amshi suna nan suna jiransa da layi guda. A majami'a dukan masu sujada ne 'yan amshi, cikinsu akwai tsohuwar da ba ta karatu da yaron da bai shiga makaranta ba. Saboda haka amshin kada ya wuce abin da numfashi ɗaya zai ɗauka, ko biyu in ya yi yawa. Gwajinsa mai sauƙi ne, kuma a nan ne sana'ar mawaƙin take yi masa rana. Ya riƙa maimaita amshin a bakin keken ɗinki ko a kan kunya yana noma, kada ya rubuta, kada ya ɗauka a waya. In gari ya waye ya tashi da shi a bakinsa, ya samu. In ya ɓace masa, to wanda ya ƙirƙira ma bai riƙe ba, balle wanda zai ji sau ɗaya ranar Lahadi.

Mataki na uku shi ne ya fi cin lokaci, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wato daidaita murya da kalma. Hausa tana da hawa da saukar sauti, tana da dogon wasali da gajere, kuma ma'ana a kansu take. Wuyan da ke ɗauke da kai daban, wuyar da ake sha daban. Garin da ake zama ciki ba shi ne garin tuwo ba. Idan karin waƙa ya hau inda kalma take sauka, ko ya ja wasalin da yake gajere, mai sauraro zai tsaya yana lalube, kafin ya gano abin da aka ce an wuce shi da layi biyu. Littafin Waƙoƙi da majami'un ECWA da 'yan'uwansu suke amfani da shi taska ne, ya raini zuriya bayan zuriya, kuma babu mai hankalin da zai ce a ajiye shi. Amma yawancin waƙoƙinsa fassara ce da aka ɗora a kan karin Turawa, sau da yawa kalmar Hausa ce take lanƙwasawa don ta shiga karin. Mai haɗa sabuwar waƙa ba shi da wannan uzuri. Hanyar ita ce ya faɗi layin da baki kamar yana magana da maƙwabcinsa, sau biyar, sau goma, yana sauraron inda muryarsa take hawa da kanta, sannan ya fara jan maganar a hankali har ta zama rerawa. Karin daga cikin maganar zai fito. In ya ɗauko karin wata waƙar Ingilishi da ya ji a waya ya ce zai cusa mata Hausa, zai samu abin da matasa za su yi wa rawa mako biyu, iyayensu na kallo. Amsa-amo a ƙarshen layuka yana taimakon hadda, amma kada a sayar da ma'ana don a same shi. Baiti uku ko huɗu sun isa, kowanne ya ƙara abu ɗaya a kan jigon ya dawo da jama'a ga amshi.

Idan waƙa ta tsaya da ƙafarta, sai a kai wa fasto ko wani dattijon ikilisiya. Mawaƙin ya je gida, ya gaisa, ya ce, "Baba, ga 'yar waƙa na haɗa, a duba mini ko akwai gyara." Wasu matasa suna ganin wannan tauye fasaha ne, suna cewa baiwa daga Allah take, ba ta bukatar sa hannun kowa. Ƙorafin yana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin akwai dattijon da duk abin da bai ji ba yana yaro to bai yarda da shi ba. Sai dai a duba abin da waƙa take yi a wuri irin wannan. Wa'azin Lahadi zuwa Laraba an manta yawancinsa, waƙa kuwa tana bin mace har bakin murhu, tana bin yaro wurin kiwo. Ga wanda ba ya karatu, abin da ya rera shi ne abin da ya sani game da bangaskiyarsa. Kuskuren koyarwa da ya shiga amshi zai yi shekaru ana maimaita shi da farin ciki. Wanda ya yarda waƙarsa ta jama'a ce, bai kamata ya ji nauyin a duba ta ba.

Gwaji na gaske yana wurin Zumuntar Mata. Duk wanda ya san majami'un Arewa ya san cewa waɗannan mata su ne suka daɗe suna haɗa waƙoƙin Hausa na asali, da tulu da ake bugun bakinsa da soso, da kacau-kacau, da ganga, tun lokacin da maza suke manne da littafi. Mawaƙin ya nemi izinin shugabarsu, ya je ranar taronsu na mako, ya ce, "Mama, ku ji mini wannan." Ya rera amshin sau biyu ya yi shiru. Abin da zai biyo baya shi ne hukunci. In ya ɗauki muryar da tsayi, za su sauke ta inda maƙogwaronsu ya kai. In akwai kalmar da ta yi nauyi a harshe, za su sauya ta ba tare da sun nemi izini ba. Mai tulu za ta nemo bugun da ya dace, wani lokaci ya fi wanda ya zo da shi sauri. Kada ya yi gardama. Abin da suka mayar da waƙar shi ne siffar da za ta rayu da ita, kuma gara ya karɓa yanzu da ya ji an sauya ta a bayan idonsa.

A nan batun kayan kiɗa yake tasowa, kuma ana jayayya a kansa ta fuska biyu. Akwai masu ƙyamar kayan gargajiya, suna tuna cewa garaya ta yi zama da bori, kalangu kuma da roƙo, kuma mishan na farko ma sun yi ɗari-ɗari da su. Akwai kuma masu ganin waƙa ba ta cika ba sai da piyano da jita da manyan lasifika. Na farko, amsarsu tana cikin Zabura ta 150, wadda ta lissafa kayan busa da na tsirkiya da na bugawa na mutanen wancan zamani, duk a hidimar yabo. Abin dubawa shi ne me ake yi da kayan, kuma in wani kiɗa yana tayar wa tsofaffin wata ikilisiya da abin da suka baro, a bar shi a wannan wurin saboda su. Na biyu kuwa amsarsu tana cikin tankin janareta. Waƙar da ba ta tashi sai da wuta, ranar da fetur ya ƙare ta ƙare. A haɗa ta yadda tafi da tulu za su ɗauke ta. In an samu piyano, ƙari ne.

Ranar fita, ya isa da wuri, ya gaida dattawa, ya tambayi mai jagorar sujada minti nawa aka ba shi, ya kuma tsaya a kansu. Kafin ya fara, ya koya wa jama'a amshin: ya faɗa da baki, ya rera, su maimaita, ɓangaren mata, ɓangaren maza, sannan gaba ɗaya. Waƙa biyu sun wadatar, ɗaya sananniya ɗaya sabuwa. In akwai makirufo, ya janye shi daga baki lokacin amshi don jama'a su ji muryar kansu, domin jin kansu ne yake ba su ƙarfin gwiwa. Lasifika kuma a juya ta ciki, a rage ta. Maƙwabtan majami'a a wannan ƙasa Musulmi ne, tare ake cin kasuwa, tare ake zuwa jana'iza da suna, kuma mai hankali yana lura da lokacin kiran salla in taro ya kai yamma. Haka kalmomin waƙar: a yabi Almasihu sarai ba ɓoye-ɓoye, amma habaici ga addinin wani ba shi da gurbi a ciki.

Sai kuɗi. Wasu suna cewa karɓar ko sisi sayar da baiwa ne, wasu kuma suna so a yanka farashi kamar na makaɗan biki. Dukansu sun yi nisa. Ikilisiyar da baikonta na mako bai kai kuɗin buhun taki ba, ba za ta iya biyan mawaƙi ba, amma ya wajaba ta ba shi kuɗin mota da abinci, domin bai dace ya rufe shago ya kuma biya acaɓa daga aljihunsa ba. In an ƙara masa da kwanon gyaɗa ko kaza, ya karɓa da godiya. A wurin biki in an yi masa liƙi babu laifi, muddin bai fara kiran sunayen masu hali yana wasa su ba, don daga nan ya koma wata sana'ar. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bulus yana ɗinkin tanti a Koranti yana kuma wa'azi, kuma sana'ar hannu tana ba mawaƙi irin wannan 'yanci: wanda tuwonsa ba ya hannun mai gayya yana iya rera abin da mai gayya ba ya son ji.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne cewa wannan hanya tana daƙushe buri. Ga Panam Percy Paul, ga Solomon Lange, ga Jeremiah Gyang, waɗanda suka shiga situdiyo suka kai waƙar bishara ta Hausa har inda ba a jin Hausa. Me zai sa a ce wa yaron Kiyako ya tsaya a tulu? Babu mai cewa ya tsaya. Wanda baiwarsa ta kai, ƙofar Jos a buɗe take. Amma a lura cewa waƙoƙin waɗannan mutane da suka shiga majami'un karkara su ne masu gajeren amshi da kowa ke iya kamawa, wato sun ci jarrabawar da ake magana a kanta. Kuma akwai aikin da faifai daga nesa ba zai yi ba: bai san wace ce ta rasa ɗa a makon nan ba, bai san ruwa ya yanke ana tsakiyar bununi ba.

Ɗaukar murya ita ce ta ƙarshe, bayan waƙar ta zaga majami'u biyu ko uku ta daina sauyawa. Ba sai an tara kuɗin situdiyo ba. A sa waya a kan benci a tsakiyar mata, nesa kaɗan da mai ganga, a kashe janareta, a ɗauka sau biyu a zaɓi wadda amshi ya fi fita. Daga nan a tura ta WhatsApp ga shugabannin mawaƙa na ikilisiyoyin kewaye, a sa wa marasa data a memori. Kalmomin kuma a rubuta su a littafi mai bango mai ƙarfi, da ayar da aka ɗauko, da shekara, da sunan wanda ya haɗa, a ajiye kwafi ɗaya wurin sakataren ikilisiya, saboda waya tana faɗawa ruwa, memori kuma yana lalacewa.