Giya ta Biyar a Tsohuwar Fijo: Darasi Daga Tafiyar Doki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari a cikin tsohuwar Fijo 504 ya san irin rurin da injinta ke yi da zarar gudu ya kai kilomita 100 a awa. Direba ya riga ya sa giya ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe, amma inji sai kuka yake kamar yana neman ƙari. Wannan ne ya sa wasu masu motar ke cire giyabos mai giya huɗu, su ɗaura mai biyar. Tun da gwamnati ta janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, batun ya ƙara muhimmanci ga duk wanda abincinsa ke bisa titi. Shin wannan sauyi yana da amfani? Amsar tana ga sanin aikin giya.

Aikin Giya

Inji ba ya iya juya taya kai tsaye, domin yana da sauri amma ƙarfin murɗawarsa kaɗan ne. Giyabos shi ne mai musanya sauri da ƙarfi. A giya ta ɗaya, inji kan juya fiye da sau uku kafin farfela, wato sandar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, ta juya sau ɗaya. Mota ba ta sauri, amma tana iya tashi da kaya. A giya ta huɗu ta 504, inji da farfela tare suke juyawa, ɗaya da ɗaya. Giya ta biyar kuwa ta wuce haka: farfela ce ke rigan inji. Inji zai juya kimanin sau takwas, ita ta juya sau goma. A nan za mu kira ta giyar sassauci.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Borg-Warner na Amurka ya fara sa ta a motocin Chrysler a 1934. A yau ma masu sha'awar tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji, irin su Pontiac GTO ta 1964, sukan ɗaura musu giyabos na zamani mai giyar sassauci, domin an ƙera su ne lokacin da mai ke da araha, kafin tsadar da ta auku a 1973. Mu a nan 504 ce tamu. Ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a 1975. Ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979, tana da samfura masu giya biyar, kuma daga jikinsu ne akan samo giyabos ɗin.

Mu Yi Lissafi

Ɗalibi ya ɗauki alƙalami. Don sauƙi, mu ɗauka kewayen taya mita 2 ne, kuma haƙoran da ke cikin aksul ɗin baya suna sa farfela ta juya sau 4 kafin taya ta juya sau ɗaya. Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, wato mita 120,000. Taya za ta juya sau 60,000, farfela kuma sau 240,000. A giya ta huɗu, inji ma sau 240,000 zai juya. A giyar sassauci kuwa sau 192,000 kawai. An rage masa juyi 48,000 a tafiya guda. A gudun kilomita 100 a awa, juyinsa ya sauka daga kimanin 3,330 a minti zuwa 2,670.

Kowane juyi na inji yana da haraji. Fistin yana gugar jikin silinda, boris yana gugar ƙarfe, inji kuma yana kashe ƙarfi wajen zuƙo iska. Raguwar juyi raguwar wannan asara ce, tare da raguwar zafi da ƙara da lalacewa. Sai dai a kula: rage juyi da kashi 20 cikin ɗari ba ya nufin mai zai ragu da kashi 20. Ƙarfin da ake bukata don keta iska da mirgina taya yana nan yadda yake, don haka ribar mai ba ta kai haka ba.

Abin da Doki Ya Sani

Mai karatu zai ce me ya haɗa malamin nazarin halittu da giyabos? Dabbobi ma suna da giya. Doki yana da tafiya, yana da sassarfa, yana da sukuwa. A 1981 masana biyu a Amurka, Donald Hoyt da Richard Taylor, sun auna iskar oksijin da ƙananan dawaki ke sha yayin gudu. Sun gano cewa kowane taku yana da saurin da ya fi araha a gare shi, kuma doki in an bar shi da kansa, wannan saurin yake zaɓa. Da aka tilasta masa sassarfa a saurin da ya dace da tafiya, sai ya kashe ƙarfi fiye da kima. Gwanki da kanki na dajin Kamuku, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, su ma haka suke sauya taku gwargwadon bukata. Babu takun da ya fi kowane; kowanne da wurinsa.

Haka giyar sassauci take. Ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Hasali ma tana rage ƙarfin murɗawar da ke isa ga taya. A shimfiɗaɗɗiyar kwalta alheri ce. Amma idan mota ta ɗauko buhunan masara, ko tana hawan tudu, ko ta shiga burjin ƙauyukan daji da damina, barin ta a giya ta biyar zalunci ne ga inji. Zai riƙa ƙwanƙwasa, ya yi zafi, boris ya ci wuya. Abin da aka tara a mai sai a kai wa bakanike.

Kafin a Kwance Ƙusa

Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a bincika. Na farko, bakin giyabos ya dace da bayan inji, kuma haƙoran sandarsa su dace da farantin kuloci. Na biyu, tsawo: farfelar 504 tana cikin bututun ƙarfe ne da ya haɗa giyabos da aksul, saboda haka in tsawon sabon ya bambanta, dole a nemi bututu da farfela masu dacewa da shi. Na uku, mariƙin da ke ɗauke da giyabos da ramin sandar giya su zo daidai. Na huɗu, maleji. Na taɓa kai ɗalibai aikin fili a motar da aka yi wa wannan sauyi ba tare da an daidaita malejinta ba. Allura tana nuna 90, alhali gudunmu ya haura 100. Rashin rurin inji kuma ya yaudari direba, sai da wani rami ya farkar da mu. Giya ta biyar ba ta ƙara wa burki kamu.

Kammalawa

Wanda yawancin tafiyarsa doguwa ce bisa kwalta, da kaya madaidaici, zai ci ribar wannan sauyi. Wanda kuwa aikinsa jigilar amfanin gona ne daga ƙauye zuwa kasuwa, gara ya kashe kuɗinsa a gyaran kafireto da burki da taya.

Ga aiki ga ɗalibai: ku auna kewayen tayar keke da zare, ku ƙirga haƙoran farantin gaba da na baya, sannan ku lissafa sau nawa za ku juya feda daga gida zuwa makaranta. Malamai su taimaka a kwatanta amsoshi a aji.