Mai Horar da 'Yan Wasa

A ƙasar Bagudo, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, in kaka ta yi an kai amfanin gona gida, sai samari su taru a dandali su yi ta kokawa. Makaɗa na kiɗa, 'yan kallo na sowa, kowa idonsa na kan wanda ya yi kaye. Amma bayan kowane gwani akwai wani mutum wanda ba a yi masa kirari, watau wanda ya hore shi.

Aikin mai horar da 'yan wasa kashi biyu ne. Na fari, shi ke koya wa yara gudu, da tsalle, da ƙwallo, da kokawa. Kafin a soma wasa yakan sa su motsa jiki sannu sannu, don kada jijiya ta gurɗe. Da bazara kuwa ba ya barinsu cikin tsakar rana, yakan kuma sa su sha ruwa a kai a kai, gama gumi yana rage ruwan jiki. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, shi ne farkon mai taimako in an yi rauni. Yaro ya yi targaɗe, sai ya fitar da shi daga fili, ya sa ruwan sanyi ko ƙanƙara a wurin, ya ɗaure da bandeji, ya ɗaga ƙafar sama. In karaya ce, ba ya jan ƙashin. Sai ya tallafe shi da katako, a kai yaron asibiti. Ko da jama'a sun matsa a mayar da shi wasa don kada garinsu ya sha kaye, lalle ya ƙi. Kaye na yini guda ne, gurguntaka kuwa ta har abada ce.

Wannan sana'a sai da ilmi. Wanda ke sonta ya dage da lissafi da kimiyya, ya san ƙasusuwa da jijiyoyin jikin ɗan Adam. Bayan sakandare ana koyon ilmin motsa jiki da kiwon lafiya a kwalejojin horar da malamai, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Legas kuma akwai makarantar ƙasa ta koyar da masu horarwa. Maza da mata duk suna shiga.

Wanda ya ƙware ba ya rasa wurin aiki: makarantu, da ƙungiyoyin ƙwallo, da soja, da manyan taruka irin bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, inda ake kokawa da dambe da iyo. Amma ilmi kaɗai bai isa ba, sai da haƙuri da amana, domin 'ya'yan mutane aka danƙa masa.

Tambayoyi
1. Don me ake motsa jiki kafin wasa?
2. Me za a yi wa wanda ya yi targaɗe?