Darasin Wannan Wata: Gyara Ƙofar Gida Kafin a Sayar da Shi

Jama'a, wata rana buƙata takan sa mutum ya sayar da gidansa. Wani zai koma gari, wani kuma rabon gado ne ya taso. To, gida biyu sukan zama girmansu ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya kuɗi. Me ya kawo haka? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar gida ita ce zaure da katanga da filin ƙofar gida. Su mai saye yake fara gani. Idan ya tarar da juji da rusasshiyar katanga, tun daga nan zai rage tayinsa.

Yaushe ya kamata a yi gyara?

A yi shi bayan ɗaukewar damina. A ƙasar Hausa ruwa ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma a lokacin ne ginin ƙasa yake zubewa. Da kaka yaɓe yana bushewa da kyau. A lokacin ne kuma manoma suke da kuɗi a hannu.

Abubuwa 6 da za a yi

1. Shara. A kwashe juji a kai gona, ai taki ne. A nome ciyawa. A ɗauke turken dabbobi daga bakin ƙofa.

2. Kwata. A yashe ta, a yi wa ruwa hanya. Ruwan da ya kwanta yana kawo sauro da wari, yana kuma cin gindin katanga.

3. Yaɓe. A cike duk inda ya tsage, sannan a yaɓe da ƙasa mai ramno. Mai hali ya shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Tana rage shigar ruwa. A kula, siminti ba ya kama ginin ƙasa sosai. Yakan ɓanɓare, ruwa ya shige ta bayansa.

4. Indararo. A sauya wanda ya fashe. Ya zama mai tsawo, don ruwa ya zuba nesa da bango.

5. Zaure. A duba azara da ƙyaure ko gara ta ci su. A gyara dakali, a shafa farar ƙasa.

6. Bishiya. Inuwar darbejiya tana ƙara wa gida daraja. A sare rassan da suka hau rufi kawai, kada a sare ta duka.

Gargaɗi

Gyara daban, ɓoye aibi daban. Idan soro yana yoyo, a gyara shi ko a gaya wa mai saye. Kada a shafe tsagewa da farar ƙasa a yi shiru. Damina ɗaya za ta tona asiri. Daga nan sai rigima, sai zuwa gaban dagaci ko alƙali, mutunci ya zube.

Kada kuma a ci bashi don ado. Zane da fenti mai tsada ba lallai su mayar da kuɗinsu ba. Yawancin aikin nan maigida da yaransa za su iya yi da hannunsu.

Ranar ciniki a kira mai unguwa da shaidu. A rubuta takarda, a faɗi iyakar gidan da kuɗinsa. Ka karanta ta da kanka kafin ka sa hannu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ake gyara da kaka?
2. Daga ina ake samun makuba?
3. Wani ya kashe N30,000 wajen gyara. Kuɗin gidansa ya ƙaru da N80,000. Nawa ya samu a kai?

A rubuta amsa a littafi, a nuna wa malamin aji.