Ranar da aka ce duniya za ta tashi

A shekarar 2012 wani labari ya bazu ko'ina. An ce wai ranar Juma'a, 21 ga watan Disamba, duniya za ta tashi. Labarin ya shiga rediyo da talabijin da wayar salula. A wasu ƙasashe mutane sun tsorata, sun yi ta sayen kyandir da abinci suna ɓoyewa.

Masu baza labarin sun ce daga kalandar Maya suka samo shi. Maya wata al'umma ce ta ƙasashen Meksiko da Gwatamala, can nahiyar Amurka. Tun zamanin da suna gina birane da dutse, suna da rubutunsu, sun kuma iya lissafi da duban tafiyar taurari. Jikokinsu suna nan har yau.

Maya suna ƙidayar kwanaki ƙunshi ƙunshi, kamar yadda manomi yake ƙidayar damman hatsi. Babban ƙunshinsu sunansa baktun. Baktun ɗaya kwana 144.000 ne, wato wajen shekara 394. Baktun 13 sun kai shekara 5.125. Ƙidayar ta soma a shekara ta 3114 kafin haihuwar Annabi Isa, baktun na 13 kuwa ya cika ranar 21 ga Disamba 2012.

Cikar ƙidaya ba tashin duniya ba ce. In watan Zulhajji ya ƙare, Muharram ne yake kamawa. Maya da kansu sun sassaƙa wata rana ta shekarar 4772 a jikin dutse a birnin Palenke. Wanda yake jiran duniya ta tashi a 2012 ba ya lissafin shekarar 4772. Masana sun bayyana haka, malaman addini kuma sun tuna wa jama'a cewa Allah kaɗai ya san ranar. Juma'ar ta zo ta wuce, Asabar gari ya waye lafiya.

Amma ba kowane zancen gobe ne ƙarya ba. Mutanen Agiye sun ga misali da idonsu. Ranar Laraba, 29 ga watan Maris 2006, da hantsi, an yi husufin rana. Duhu ya rufe Agiye da Gazawa da Maraɗi da Katsina kamar magariba ta yi. Minti huɗu bai cika ba haske ya soma dawowa. Shekaru kafin nan masana taurari sun faɗi ranar da sa'ar da garuruwan da inuwar za ta ratsa. Sun san wata yana shiga tsakanin rana da ƙasa, sun auna tafiyarsa, sun nuna lissafinsu kowa ya duba. Gani ya kori ji.

Jita-jita tana da ɓarna. Manomin da ya yarda duniya za ta tashi yana iya sayar da hatsin rumbunsa da awakinsa, bazara ta same shi ba iri, ba cimaka. Saboda haka ɗan makaranta ba ya ɗaukar labari ya kai gida sai ya bincika. Yakan tambaya: wa ya faɗa? Yaya aka yi ya sani? Ana iya gwadawa a gani?

Tambayoyi

1. A waɗanne ƙasashe Maya suke zaune?
2. Mene ne ya cika ranar 21 ga Disamba 2012?
3. Me yake kawo husufin rana?
4. Mene ne bambancin zancen 2006 da na 2012?

Aiki

Baktun ɗaya kwana 144.000 ne. Ku lissafa kwanakin baktun 13.

Ku tambayi iyayenku abin da suka gani ranar husufin 2006, ku rubuta layi biyar a kai.