Kafin a Liƙa Maka Haƙoran Gada, Dubi Launinsu

Daga cikin koke-koken da suka fi yawa a bakin waɗanda aka yi wa aikin haƙori, akwai na mutumin da ya kashe dukiyarsa, ya jure wa zirga-zirga da zafin allura, aka cike masa giɓi da haƙoran tangaran irin waɗanda ake ɗora wa nauyinsu a kan maƙwabtansu na dama da hagu, wato abin da likitoci ke kira gada, amma da ya koma gida ya dubi madubi sai ya tarar sababbin sun yi fari fat a tsakiyar nasa, har ya zamana duk wanda ya gaisa da shi a kan bakinsa idonsa yake sauka. Galibi aikin ba shi da aibi ta fuskar ƙarfi ko tauna. Launi ne kurum ya saɓa, kuma wannan saɓani, in an bi ƙa'ida, abu ne da ake iya kauce masa tun kafin ya auku.

Asalin mas'alar shi ne haƙorin da Allah Ya halitta ba launi ɗaya gare shi ba, ko da yake ido yana riya haka. Wuyansa da ke kusa da dasashi ya fi ɗaukar ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ta fi haske, bakinsa kuwa har haske yana ɗan ratsa shi. Fiƙa kuma bisa al'ada ta fi haƙoran gaba duhu, sa'an nan shekaru suna ƙara musu duhu gaba ɗaya. A ƙasarmu kuwa akwai ƙarin dalilai, domin goro da shayi da taba kowanne yana barin alamarsa, ga kuma waɗanda suka tashi da haƙora masu dabbare-dabbare saboda yawan sinadarin fuloraid a ruwan da suka sha tun suna ƙuruciya. Saboda haka wanda ya shiga wurin likita ya ce a zaɓo masa mafi fari, alhali shekara arba'in ke nan yana cin goro, ya nemi abin da zai tona masa asiri da kansa. Haƙorin Makka da alhazai da hajiyoyi ke dawowa da shi daga aikin Hajji an yi shi ne domin a gani, amma gada cikar kyaunta shi ne kada kowa ya san tana nan.

Likitoci suna da ma'auni don wannan aiki, wani ɗan allo mai jeren haƙoran gwaji, kuma wanda ya fi shahara shi ne na kamfanin VITA na ƙasar Jamus, wanda ya fito a 1956, yana da launuka 16 da aka kasa gida huɗu, daga A1 zuwa D4. Ana kara haƙorin gwaji da na mai jinya, a rubuta lambar da ta dace, a aika wa ma'aikacin da zai ƙera gadar, wanda sau da yawa bai taɓa ganin fuskar mai haƙorin ba. To, tun da dukkan abin da wannan ma'aikaci ya sani game da bakinka ita ce 'yar lambar nan, lalle ne a yi tahƙiƙi wajen fitar da ita, kuma ya fi dacewa a haɗa masa da hoton da aka ɗauka haƙorin gwajin yana jingine da naka.

Sharaɗi na farko shi ne tsabta. A fara wanke haƙora wankin asibiti, a kankare dattin goro da tsatsar da ta daskare a gindinsu, domin in an auna launi a kan datti, ranar da dattin ya fita gada za ta zauna da duhunta ita kaɗai. Wanda kuma yake da niyyar a yi masa aikin ƙara farin haƙora, wajibi ne ya gabatar da shi, ya dakata kamar mako biyu launin ya tsaya, kana a auna. Dalili kuwa, maganin da ke farar da haƙorin halitta ba ya yin tasiri ko kaɗan a kan tangaran. Wannan magana na fi son mai karatu ya riƙe ta da kyau, gama a nan ne mutane da yawa ke yin nadama inda nadama ba ta da fa'ida.

Sa'an nan sai batun lokaci da haske. A zaɓi launi tun farkon zama, kafin a fara gyaran haƙoran da za su ɗauki gadar, saboda haƙori in ya daɗe a buɗe yana bushewa, in kuwa ya bushe sai ya yi farin da ba nasa ba, balle a kwanakin hunturu da iskar Kano ke busar da leɓe kafin a gama sallama. Hasken rana da hantsi, a kusa da taga, shi ne alƙali mafi adalci, domin launi biyu suna iya yin daidai a ƙarƙashin fitilar ɗakin likita, su saɓa da zarar an fito titi. Mace ta goge jan-baki, in kuma mayafinta mai launi ne mai ɗaukar ido a rufe shi da wani mai sanyin launi. Kada a ƙura ido. Kallo na 'yan daƙiƙu ya isa, sai a kau da kai a huta, a sake. In aka rasa rinjaye tsakanin launi biyu, a ɗauki wanda ya ɗan fi haske, tun da ma'aikaci yana iya ƙara wa tangaran duhu cikin sauƙi, amma mayar da shi fari abu ne mai wuya.

Akwai kuma tambayar da ya kamata a yi tun kafin a biya kuɗi, wato da me za a yi gadar. Wadda aka yi da ƙarfe a ciki aka lulluɓe da tangaran tana da ƙarfi, kuma galibi ta fi sauƙin kuɗi, sai dai haske ba ya ratsa ta, kuma in dasashi ya ja baya bayan shekaru wani baƙin zare yakan bayyana a gindinta. Ta tangaran zalla ko ta zirkoniya ba ta da wannan illa, don haka ita ta fi cancanta da haƙoran gaba ga wanda Allah Ya hore wa.

Batun inda za a je kuwa, a Kano mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku ba su da uzurin nisa, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan a ƙofarsu da sashensa na haƙori. Amma ko ina mutum ya tafi, na gwamnati ko na kuɗi, haƙƙinsa ne a gwada masa gadar a baki kafin a liƙa ta liƙi na dindindin. A nan ne kunyarmu ta Hausawa, wadda abin yabo ce a muhallinta, take cutar da mu, domin mutum zai ga abin bai yi masa ba, amma don ganin girman likita sai ya ce madalla. Karɓi madubi, ka tashi ka je bakin taga, ka yi murmushi, ka yi magana, ka sa ɗan'uwan da ya rako ka ya tsaya nesa kaɗan ya duba, in da hali ma mace, tun da makantar launi ta fi yawa a cikin maza. Bayan an liƙa kuma ka kiyaye ta da buroshi da man goge baki, ka riƙa zura zaren sakace ta ƙarƙashinta, ka nisanta ta da gawayi da toka masu kankare sheƙinta, ka kuma rage goro, domin haƙoranka za su ci gaba da rinewa ita tana nan yadda take.

In launin bai kwanta maka ba a ranar gwaji, ka faɗa da ladabi a mayar da ita a gyara. Da zarar an liƙa ta, sauya launinta sai an yanke ta an ƙera wata, kuɗin kuwa daga aljihunka zai sake fita.