Sojojin Jiki da Ciwon Tsargiya

Kusan kowane ɗalibi ya san cewa wanda ya yi baƙon dauro sau ɗaya, da wuya ya sake yi. To, me ya sa yaro a Kura ko Bunkure zai sha maganin tsargiya bana, baɗi kuma ya koma fitsarin jini? Amsar tana cikin yadda garkuwar jiki ke aiki.

Fata ita ce ganuwar jiki. Abin da ya tsallake ta sai ya gamu da fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ake ƙerawa a cikin ɓargo. Wasunsu haɗiye ƙwayar cuta suke yi, su mutu a fagen fama. Gawarwakinsu ne mugunyar da muke gani a maruru. Wasu kuma, da ake kira limfosait, suna haɗa makami daidai da kowace cuta, sa'an nan su riƙe kamanninta shekara da shekaru. Su ne ke hana baƙon dauro dawowa. Kaluluwar da ke kumbura a matsematsi sansaninsu ce.

Tsargiya kuwa ta fi wayo. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa yake gudana a magudanan noman rani har cikin bazara, katantanwar da tsutsar ke girma a cikinta ta samu gida. Yaro na wanka ko yana taya dashen shinkafa, tsutsar ta huda fatarsa ta shiga jijiyar jini. Can sai ta lulluɓe kanta da sinadaran jinin mutumin, kamar ɓarawon da ya sa rigar maigida. Sojoji su wuce ta, ita kuwa ta shekara uku zuwa goma tana saka ƙwai.

Abin mamaki, ƙwan nan sojojin suna ganinsa. Suna yi wa wanda ya maƙale a bangon mafitsara taron dangi, wurin ya kumbura, ya yi tabo. Wato yawancin ɓarnar daga yaƙin da jiki ke yi take fitowa. Don haka maganar da wasu ke yi cewa fitsarin jini alamar balaga ce, ba ta da tushe ko kaɗan. Rauni ne a ciki.

Jiki yakan koyi yaƙi da tsutsar, amma sannu a hankali, shi ya sa 'yan shekara 10 zuwa 15 suka fi manya ɗaukar ta. Har yanzu babu allurar rigakafinta. Maganin praziquantel yana kashe manyan tsutsotsin da ke cikin jiki, amma ba ya hana sababbi shiga ranar da aka koma iyo a magudana.