Yaron da Aka Sauke daga Baya

Ran da aka yi haihuwa a gida, idon kowa yana kan jariri da mai jego. Ana dafa ruwan wanka, ana dama kunu, 'yan barka suna shiga suna fita, "Barka da arziki, Allah ya raya." To, amma akwai wani a gidan nan da ba wanda ya tuna da shi, kuma shi ne dalilin wannan takarda. Yaron nan ne ɗan shekara biyu, wanda jiya-jiya yake bayan uwarsa, yau kuwa ga shi tsaye bakin ƙofar ɗaki, yatsa a baki, yana kallon baƙo ya gaje masa cinya da majanyi.

Mutanen Ga na ƙasar Gana sun daɗe da sa wa ciwon irin wannan yaro suna. Kwashiyoko suke cewa, wato ciwon da ke kama yaro idan ƙani ya ture shi. Wata likita, Cicely Williams, wadda ta yi aiki a can, ita ta shigar da kalmar cikin rubutun likitoci a 1935. Mu a nan tamowa muka sani.

Ga yadda abin ke farawa. Uwa ta ga alamar ciki, sai a yaye yaro rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, wai kada ya sha ciki. Jama'a, nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaro shi ne a raba shi da nono farat ɗaya, a bar shi da farin koko da lomar tuwo. Cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci da yawa a zama guda. Sai a ba shi sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa a tsakani: kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi, ganyen zogale, da ɗan mai a ciki. Kuma a ware masa kwanonsa. In an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe kwanon.

Mai son gane tamowa ya danna bayan ƙafafun yaron da babban yatsa, ya ƙirga uku. In ya ɗaga wurin ya zauna a lotse, ƙafa biyun duka, wannan kumburi ne, ba ƙiba ba. A kai shi asibiti a ranar. Haka nan in gashi ya yi ja ya yi laushi.

Sai kishi. Za ku ga yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ya riƙa rigima, ya faki ido ya mintsini jariri. Bulala ba ta maganin wannan, tsokanar nan ta 'yan barka kuwa, "An ƙwace maka Umma," ƙara wuta take yi. A sa shi miƙo zane, a ce masa, "Yaya, zo ga ƙaninka." Sai dai kada a bar su su biyu a ɗaki. Da kyakkyawar niyya ma yana iya cusa wa jariri gyaɗa a baki. A kuma lura da tukunyar ruwan wankan jego, don tsawonta da nasa ɗaya ne.

Malam mai gida, nan aikinka yake. Ɗauke shi ku fita ƙofar gida da maraice. In za a kai jariri rigakafin sati 6, da 10, da 14, a tafi da katin babban a duba ko an yi masa allurar ƙyanda. Sannan ku zauna da uwar 'ya'yanka kan tazarar haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani ciki, shekara biyun shayarwa kuwa tana cikin Suratul Baƙara, aya ta 233. Ungozomar asibitin unguwarku za ta yi muku bayanin hanyoyin da ake bi.